JOHN DELOREAN: ƊAN BAƘON DA YA ƘERA MOTA MAI ƘWANJI

A ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane, yawancinsu dattawa ne da furfura ta fara game musu kai, waɗanda ba su da abin sha'awa a duniya kamar su sayi mushen mota su tashe shi. Mutum zai ji labarin wata tsohuwar mota da aka yar a bayan rumbun wani manomi, kaji suna kwana a ciki, tsatsa ta cinye ƙasanta, sai ya ɗebi kuɗi masu ciwo ya biya, ya jawo ta zuwa garejin gidansa. Daga ran nan ba shi da Asabar ba shi da Lahadi. Shekara uku ko biyar yana kwance noti yana ɗaurawa, har ran da motar za ta koma kamar yau ta fito daga masana'anta. Ba haya zai yi da ita ba, ba kuwa kasuwa zai riƙa zuwa da ita ba, sha'awa ce kurum.

Motocin da suka fi nema su ne waɗanda aka yi tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970, waɗanda Amurkawa suka laƙaba wa wani suna mai ma'anar mota mai ƙwanji, watau mota matsakaiciya wadda aka cusa wa injin babbar mota. Wadda ake ɗauka ita ce uwarsu duka kuwa sunanta Pontiac GTO. Mutumin da ya tsaya har aka yi ta shi ne John Zachary DeLorean, wanda ya hau har ya kusa taɓa kujerar shugaban kamfanin mota mafi girma a duniya a zamaninsa, sa'an nan aka wayi gari aka gan shi da ankwa a hannu.

ƊAN LEBURA

An haife shi ran 6 ga watan Janairu, 1925, a birnin Detroit cikin jihar Mishigan, garin da a lokacin shi ne cibiyar ƙera motoci ta duniya. Shi ne babba cikin 'ya'ya maza huɗu. Ubansa Zachary baƙo ne, daga wani ƙauye ya fito a ƙasar da yanzu take cikin Romaniya, ya ƙetare teku yana saurayi don neman abinci, ya sami aiki a ma'aikatar Ford, ya kuma shiga harkar ƙungiyar ƙwadago. Turancinsa bai nuna ba, iliminsa kaɗan ne, saboda haka ya daɗe a wuri guda yana kallon waɗanda suka zo bayansa suna wuce shi. Mai karatu da ya baro gida ya zo Ikko ko Badun ko Fatakwal, ya ga yadda rashin harshen gari yake tauye mutum, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan zama. Baƙin ciki ya tura uban ga shan giya, gida ya ƙi zaman lafiya, har auren ya mutu cikin 1942. Uwar, Kathryn, ita ma 'yar baƙi ce, da aikin masana'anta ta riƙe yaran.

Yaron yana da kai. Ya shiga makarantar koyon sana'a ta Cass, wadda ba kowa ake ɗauka ba, daga can ya wuce kwalejin fasaha ta Lawrence. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu, aka ɗauke shi soja cikin 1943, ya yi shekara uku. Da ya komo ya tarar da uwarsa da ƙannensa cikin matsi, sai da ya yi aiki ya ɗan tallafe su kafin ya koma aji, ya gama cikin 1948. Ya taɓa sayar da inshora na ɗan lokaci, abin da ya koya masa iya magana da mutane. Sa'an nan ya shiga makarantar injiniyoyi ta kamfanin Chrysler, ya fito da babban digiri cikin 1952.

Bai daɗe a Chrysler ba ya koma kamfanin Packard, wanda a da shi ne mai yi wa attajirai mota. A can ya yi suna wajen gyaran giyar da take canja kanta da kanta, har ya zama shugaban sashen bincike. Amma Packard ta riga ta kama hanyar mutuwa. Cikin 1956 kamfanin General Motors ya neme shi, aka ce ya zaɓi reshen da yake so cikin rassan mota biyar. Ya zaɓi Pontiac.

Zaɓin ya ba mutane mamaki, domin a lokacin Pontiac motar tsofaffi ce, wadda saurayi ba ya so a gan shi a ciki. Amma a shekarar aka naɗa wa reshen sabon manaja, Semon Knudsen, wanda ya ɗauko Pete Estes ya zama babban injiniya, DeLorean kuma yana ƙarƙashinsa. Su ukun nan suka juya Pontiac. Suka buɗa tsakanin tayoyi motar ta ƙara zama daram a kan titi, suka ƙara wa inji ƙarfi, suka tura motocinsu filin tsere. Cikin 1962 Pontiac ce ta ci babban tseren Daytona, a shekarar kuma ta hau matsayi na uku wajen ciniki a Amurka duka. DeLorean kuwa tun 1961 ya zama babban injiniya, yana da shekara 36.

DOKA DA ƘOFAR BAYA

Ana cikin haka, a watan Janairu na 1963, sai manyan kamfanin, waɗanda suke zaune a hawa na goma sha huɗu na babban ofishi a Detroit, suka hana kowane reshe shiga tseren mota. Wannan hukunci ya fi yi wa Pontiac ciwo, don da tseren take tallar kanta ga samari. Akwai kuma wata doka ta daban, wadda ta ce kada a sa wa matsakaiciyar mota injin da cikinsa ya wuce inci 330, watau wajen lita 5.4.

To, DeLorean yana da wata al'ada. Ran Asabar yakan tara injiniyoyinsa a filin gwajin motoci na Milford, su yi ta gwada abin da ya zo musu a rai. Wata Asabar cikin farkon 1963 aka ɗaga sabuwar Tempest, matsakaiciyar mota mai injin inci 326, suna duba ƙasanta. Sai wani injiniya, Bill Collins, ya lura cewa injin inci 389 na manyan motocin Pontiac zai zauna a gurbin nan ba tare da wahala ba. Dalili kuwa, injunan Pontiac masu silinda takwas duk girman jikinsu ɗaya ne daga waje, faɗin ramin fistin da nisan tafiyarsa ne suka bambanta. Saboda haka ba sai an yanka ba, ba sai an yi walda ba, a sauke wannan a ɗora wancan. Russ Gee, mai kula da injunan gwaji, ya sa yaransa suka yi aikin. Da DeLorean ya tuƙa motar, ya kuma ba waɗansu aro suka riƙa jan ƙafa wajen mayar masa da ita, sai ya san an yi gamo.

Don mai karatu ya gane girman abin, injin inci 389 lita 6.4 ke nan. Injin Peugeot 504 da aka sani a titunan ƙasar nan bai wuce lita 2 ba. Watau an ɗauki abin da ya ninka shi fiye da sau uku an sa a matsakaiciyar mota.

Saura doka. A nan ne wayon ya fito. Sabuwar mota dole sai kwamitin manya ya sa hannu, amma kayan ƙari da mai saye yake zaɓa, kamar rediyo ko na'urar sanyi, reshe yana da ikon sa su ba da ya tambayi kowa ba. Sai aka ce ai GTO ba mota ba ce, kayan ƙari ne kurum a kan Tempest LeMans. Mutum ya ƙara dala 296, a ba shi babban inji mai ƙarfin doki 325, da salansa biyu, da sifirin masu tauri, da tayoyi masu faɗi. In ya ƙara kuɗi a sa masa kafireta uku a jere, ƙarfin ya kai doki 348. Estes, wanda ya riga ya gaji Knudsen a kujerar manaja, ya ɗauki kasadar ya amince, ya kuwa san in abin ya ɓaci wuyansa ne a kan wuƙa. Sunan ma aro ne, DeLorean ya ɗauko shi daga wata motar tsere ta kamfanin Ferrari na Italiya, abin da ya fusata masu ƙaunar motocin Turai ƙwarai.

Manajan ciniki, Frank Bridge, bai yarda abin zai karɓu ba, ya ce a tsaya a kan mota 5,000. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka sayar da 32,450. Cikin 1965 aka sayar da fiye da 75,000, cikin 1966 kuma kusan 97,000. Manyan hawa na goma sha huɗu da suka ga kuɗi suna shigowa, sai maganar karya doka ta bi ruwa.

Ba za a ce komai na cinikin nan tsabta ne ba. A watan Maris na 1964 wata mujallar motoci mai suna Car and Driver ta gwada GTO, ta buga cewa ta tashi daga tsaye ta kai gudun mil 60 cikin daƙiƙa 4.6, abin da ya girgiza samari. Sai bayan shekara talatin da 'yan kai mai tallar motar, Jim Wangers, ya amsa a littafinsa cewa injin inci 421 aka sa wa motar gwajin a ɓoye. Kamannin injunan nan da ya ba da damar ƙera motar, shi ne kuma ya ba da damar ruɗin 'yan jarida.

Sauran kamfanoni suka biyo sawu, Oldsmobile da 442, Chevrolet da Chevelle SS 396, Plymouth da Road Runner, Dodge da Charger. Cikin 1965 aka naɗa DeLorean shugaban Pontiac yana da shekara 40, ba a taɓa ba mai ƙarancin shekaru irinsa reshe a kamfanin ba. A hannunsa aka fito da Firebird cikin 1967 da sabuwar Grand Prix ta 1969. Abu guda ya nema aka hana shi, watau ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da aka sa wa suna Banshee, don manya suna tsoron kada ta kashe wa Corvette kasuwa. Wannan abu ya zauna masa a rai.

Cikin 1969 aka ba shi Chevrolet, reshe mafi girma. Amma mutumin ya riga ya sake. A kamfanin da kowa yake sa baƙar kwat da farar taguwa, shi sai ya tara gashi ya rina, ya sa likita ya gyara masa haɓa, ya riƙa tashi zuwa Kalifoniya yana yawo da 'yan wasan sinima. Ya saki matarsa ta fari, ya auri yarinya 'yar shekara ashirin, wannan ma auren bai daɗe ba, cikin 1973 ya auri Cristina Ferrare mai tallar kayan ado. Cikin 1972 an ɗaga shi zuwa hawa na goma sha huɗu, yana kula da motoci da manyan motoci na Amurka duka, abin da yake samu a shekara ya kai wajen dala 600,000, ana kuma ganin shi ne shugaban gobe. A watan Afrilu na 1973 ya bar aikin. Shi ya nuna cewa gajiya ya yi da kamfanin, waɗansu abokan aikinsa kuwa suka nuna tura shi aka yi.

A daidai lokacin motoci masu ƙwanji su ma kwanansu ya ƙare. Kamfanonin inshora sun tsawwala wa samari kuɗi saboda yawan haɗari, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injuna, sa'an nan a watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai. Tashin farashin man da ya cika baitulmalin Nijeriya a shekarun nan, shi ne ya sa Ba'amurke ya tsaya a layin gidan mai yana tsine wa motarsa mai shan fetur kamar raƙumi. GTO ta 1974 dubu bakwai da 'yan kai aka sayar, daga nan aka daina yin ta. Waɗanda suke kan titi suka zama abin yarwa, ana sayar da su kuɗi ƙalilan, da yawa suka ƙare a bola.

BELFAST

Cikin 1975 DeLorean ya kafa kamfani mai sunansa, don ya yi motar nan mai kujera biyu da aka hana shi. Giorgetto Giugiaro na Italiya ya zana ta. Jikinta na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, irin wanda ake yin cokula da shi, ba a ko shafa mata fenti, ƙofofinta kuma sama suke buɗewa kamar fukafukan tsuntsu. Bill Collins, abokin aikinsa na Asabar ɗin nan, shi ya haɗa ta farko ta gwaji.

Kuɗin gina masana'anta ne babu. Ya yi ta zagaya gwamnatoci yana neman wadda za ta fi ba da tayi mai tsoka, har ya kusa sa hannu da tsibirin Puerto Rico, sai gwamnatin Birtaniya ta shigo cikin 1978. A lokacin Ailan ta Arewa tana cikin tashin hankali tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta, ga rashin aikin yi ya yi katutu, gwamnati kuwa tana ganin in samari suka sami aiki za su rage ɗaukar bindiga. Aka gina masana'antar a Dunmurry, gefen birnin Belfast, tsakanin unguwar waɗannan da ta waɗancan, kowane ɓangare da ƙofar da yake shiga. Aka ɗauki ma'aikata wajen 2,500, da yawansu ba su taɓa riƙe aikin albashi ba. A ƙarshe abin da gwamnati ta zuba ya kai kusan fam miliyan 80.

Aka ba kamfanin Lotus na Ingila, na Colin Chapman, aikin mayar da motar gwaji ta zama abin da za a iya ƙerawa da yawa. Mota ta farko ta fito ran 21 ga Janairu, 1981. Abin mamaki, mutumin da ya yi suna da cusa babban inji a ƙaramar mota, tasa motar ba ta da ƙwanji. Injin da aka sa mata mai silinda shida ne wanda Peugeot da Renault da Volvo suka yi tarayya a kansa, ɗan'uwan wanda yake cikin Peugeot 604, ƙarfinsa doki 130 kacal. An yi niyyar sayar da ita dala 12,000, sai ga ta a dala 25,000, ta fi Corvette tsada ba ta kuwa kai ta gudu ba. Na farkon da aka kai Amurka sai da aka sake kwance su ana gyara, don hannun ma'aikatan bai faɗa ba tukuna.

Duk da haka ya ƙara yawan ma'aikata ya ninka abin da ake ƙerawa, daidai lokacin da kasuwar mota ta faɗi a Amurka. Motoci suka taru ba mai saye. Gwamnati kuwa ta riga ta sake hannu, Uwargida Margaret Thatcher ba mai son zuba kuɗin jama'a a kamfani ba ce, ta ƙi ƙarawa. A watan Fabrairu na 1982 aka miƙa masana'antar ga masu kula da dukiyar kamfanin da bashi ya ci.

Ran 19 ga Oktoba, 1982, 'yan sandan ciki na Amurka suka kama shi a wani otal kusa da filin jirgin saman Los Angeles, bayan sun ɗauki hotonsa a ɓoye yana zaune gaban akwati cike da hodar ibilis. Tuhumar ita ce ya haɗa baki don cinikin hodar da ta kai dala miliyan 24, wai don ya ceci kamfaninsa. A ranar ce kuma aka ba da sanarwar rufe Dunmurry. Wanda ya jawo shi cikin maganar wani tsohon maƙwabcinsa ne, James Hoffman, mai fataucin ƙwaya da ya koma yi wa gwamnati rahoto don a sassauta masa. Lauyansa Howard Weitzman ya tsaya a kan cewa gwamnati ce ta haƙa ramin, ta kawo hodar, ta kuma ja mutumin da bashi ya shaƙe zuwa bakinsa. Ran 16 ga Agusta, 1984, masu taya alƙali hukunci suka sallame shi.

Wata maganar ta fi wannan nauyi, ko da yake ba ta kai ta amo ba. An gano cewa wajen dala miliyan 17 da aka ce an biya don aikin Lotus sun bi ta wani kamfani na takarda mai ofis a Suwizalan sun ɓace. A kan wannan aka gurfanar da shi a Detroit, cikin 1986 aka sake sallamarsa. Chapman ya riga ya mutu a watan Disamba na 1982. Amma akawun Lotus, Fred Bushell, ya amsa laifi a Belfast cikin 1992, aka ɗaure shi shekara uku, alƙalin kuma ya nuna cewa da sauran biyun suna gabansa da ba za su sami ƙasa da shekara goma ba. DeLorean bai sake taka ƙasar Birtaniya ba. Ma'aikatan Dunmurry kuwa, waɗanda ba su ci ba su sha ba, su suka koma zaman kashe wando.

MASU TASHIN MUSHE

Yana cikin yawon kotuna, motocinsa suka fara wata sabuwar rayuwa ba da saninsa ba. Samarin da suka yi ta kallon GTO cikin 1964 ba su da kuɗin saye, ko suka saya aure ya sa suka sayar, zuwa shekarun 1980 sun zama magidanta masu abin hannu. Sai suka shiga neman motar ƙuruciyarsu a bola da bayan gidaje.

Aikin ba na rago ba ne. GTO bodi daban take da shasi daban, saboda haka mai gyaran gaske yakan ɗage bodin gaba ɗaya ya ajiye gefe, ya kwance komai har noti na ƙarshe, kowane ƙulli ya sa a leda ya rubuta inda ya fito, don bayan shekara uku ba mai iya tunawa. Babban abokin gaba tsatsa ce. A jihohin arewacin Amurka gishiri ake zubawa a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa shi yake cin ƙarfe. Ruwa kuma yakan kwanta a gindin gilashin baya, ya zurara cikin but ya huda shi. Sai an feshe ƙarfen da yashi an kankare tsohon fenti, sa'an nan ake ganin gaskiyar abin da aka saya, sau da yawa a tarar wani ya riga ya cike ramuka da foti ya shafe. Daga nan sai yanka da walda, sai a kai inji a rarake silinda a sa sababbin fistin da zobba, a sake wayoyin wuta, a ɗinka kujeru irin na asali. Galibi abin da mutum ya kashe yakan fi abin da motar za ta yi a kasuwa.

Wani abin kuma, dabarar nan ta 1963 ta bar wa masu gyara ciwon kai har yau. Da yake GTO ta 1964 da ta 1965 kayan ƙari ce a kan LeMans, lambar shasinta ba ta nuna ko GTO ce ko ba ita ba, sai daga 1966 aka ba ta lambarta mai farawa da 242. Don haka duk mai LeMans da ya sami babban inji da 'yan tambura yana iya mayar da ita GTO ya ninka kuɗinta, an kuwa yi haka ba iyaka. Abin da ya ceci masu saye shi ne Pontiac ta adana takardun cinikin motocinta. Wani tsohon ma'aikacin General Motors, Jim Mattison, ya kafa ofis mai suna Pontiac Historic Services, inda mutum zai aika da lambar mota a aiko masa da kwafin takardar da ta nuna abin da aka sa mata ran da aka ƙera ta. Mai hankali ba ya biyan kuɗi sai ya ga wannan takarda, ya kuma duba ko lambar da aka buga a jikin inji ta dace da motar. In komai ya dace, kuɗin ba kaɗan ba ne. A watan Janairu na 2023 an yi gwanjon wata GTO Judge ta 1970 mai buɗaɗɗen rufi a jihar Florida a kan dala miliyan 1.1.

Motar Belfast ma ta sami masu ita. Wajen 9,000 aka ƙera, sai wani fim mai suna Back to the Future ya fito da ita cikin 1985, yara suka haddace ta. Wani makaniki mutumin Liverpool, Stephen Wynne, ya sayi ragowar kayan gyaran masana'antar cikin shekarun 1990 ya tara a Teksas, yana sayar wa masu gyara. Su ma sun koyi darasinsu, domin jikin waje ne kaɗai ba ya tsatsa. Shasin da yake ƙarƙashi baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da wani kauri, in ya tsage ruwa ya shiga, sai ya ruɓe daga ciki alhali motar tana ƙyalli.

Duk cinikin nan ba abin da ya shiga aljihun DeLorean. Cristina ta rabu da shi bayan shari'ar Los Angeles. Masu bin sa bashi da lauyoyi suka yi ta jan sa, har cikin 1999 ya bayyana a kotu cewa ya karye. Cikin 2000 ya rasa gidan gonarsa mai eka 434 a Bedminster ta jihar New Jersey, wurin da daga baya Donald Trump ya saya ya mayar filin wasan golf. Ya koma wani ɗan madaidaicin gida tare da matarsa ta huɗu, yana ta zanen wata sabuwar mota da ba a taɓa ƙerawa ba, har ya gwada tallar agogo don ya tara jarinta.

Ya ga an komo da sunan GTO cikin 2004, amma a kan wata mota da aka ƙera a Ostareliya, wadda ba ta yi kasuwa ba aka daina ta cikin 2006. Bai ga rufe Pontiac ba, wanda ya zo cikin 2010. Ya mutu ran 19 ga Maris, 2005, a wani asibiti a garin Summit na New Jersey, bayan ciwon shanyewar jiki, yana da shekara 80. An binne tokarsa a maƙabartar White Chapel a garin Troy, arewa da Detroit, aka yi masa karramawar tsohon soja. A kan allon kabarin an zana motar Belfast, ƙofofinta biyu a buɗe sama.